Yatsa Huɗu a Ƙofar Doña Eduvina

"Masu gida, ina kwa..."

Don Nibaldo bai ƙarasa gaisuwar ba. Bangon ɗakin aikin na katako ne, har tari yana ratsa shi balle faɗa. Ya tsayar da bijimansa biyu da amalanken da ya zo ɗaukar jirgin ruwa da shi, ya jingina da bangon ya kasa kunne.

"Malamin lissafi!" Muryar Doña Eduvina ce. "'Ya'yan mutane kake koya wa awo a Puerto Montt, ga jirginka ya fi ƙofa faɗi."

"Ƙofar ce ta tsuke, Kaka," in ji jikanta Gaspar. "Tsufa ne. Komai na gidan nan ya motse, har mai gidan."

"Ni na motse? Je ka tambayi mazan da suka yi layi a kaina a bikin San Pedro."

"Na tambaya. Duk suna maƙabarta. Sun ce a gaishe ki, wai kin yi latti."

"Bakinka ya sari katako, ɗan nema."

Nibaldo ya waiga ƙasa wajen tafki. Tun jiya Juma'a masu ƙera jirgi a gida suka fara sauka Puerto Octay, kowa da abin da ya sassaƙa a garejinsa. Ƙyallayen jirage masu kama iska sun fara tashi, fari da ja da ruwan ƙwai, iska kuwa tana busowa a hankali daga wajen dutsen Osorno. Da tsakar rana za a yi zagayen sababbin jirage. Shekara biyu ke nan Gaspar yana amsa wa mutane "sai baɗi". Bana da hannunsa ya rubuta sunansa cikin masu zagayen.

Ya tura ƙaramar ƙofar gefe ya shiga. Jirgin na zaune a kan gungume, ya sha fenti shuɗi, hancinsa a waje, cikinsa ya cije a tsakanin katakan ƙofa biyu. Gaspar na riƙe da ƙarfen ɓamɓare ƙusa. Eduvina ta dasa kujerarta a gabansa, tana tsotsar shayin mate.

"Yauwa, Don Nibaldo, zo ka zama shaida," in ji ta. "Wannan ƙaton yake so ya rushe mini gida saboda akwatin gawarsa."

"Katako ɗaya ne, Don Nibaldo. Yatsa huɗu kawai nake nema."

"Katako ɗaya! Dubi abin da ke jiki."

Nibaldo ya san katakon. Tsagar wuƙa ce jere daga gwiwa zuwa kafaɗa, inda mijinta marigayi Evaristo yake auna tsawon jikokinsa duk ƙarshen shekara.

"Ga naka nan," ta nuna da leɓe. "Shekara uku a wuri ɗaya. Mun ɗauka wada aka haifa mana."

"Abincinki ne. Wainar dankalinki ko kare ya ci sai ya daina girma."

"Shi ya sa duk Asabar kake lamushe guda bakwai?"

"Tausayinki nake ji. In ban ci ba, wa zai ci?"

"Ka ji mijin ƙarya. Shekara biyu kana zuwa zance, ko ɗan kunne ba ka taɓa kawowa ba, sai ƙurar zarto."

"Wa zai kashe kuɗi a kan amaryar da ke kwana da haƙoranta a kofi?"

Ta kai masa duka da tsumman goge tebur, ya goce.

Nibaldo ya zauna a kan gwangwanin fenti. Wani abu ne yake yi masa ƙaiƙayi a rai. Matar nan shekara arba'in ta yi tana ɗinki. In mutum ya shigo shagonta, kallo ɗaya take yi masa ta faɗi ƙugunsa, ba ta taɓa tef ɗin awo ba. A ce jirgi ya yi wata ashirin da huɗu yana girma a gabanta, kullum tana ratsa ƙofar nan da faranti, ba ta ga ba zai fita ba? Ta gani tun ranar da aka kafa haƙarƙarinsa. Ta yi shiru ne don muddin jirgin na ciki, motar Puerto Montt za ta sauke mata mutum duk Asabar. Sauran jikokin sai a waya.

"Ka bar shi nan mana," in ji Eduvina, tana gyara zama. "Ai ya yi kyau a nan. In zuba dankali a ciki. Baɗi ma rana ce."

"Baɗi za ki ce kaji sun yi ƙwai a ciki."

"To ina laifi? Su dai sun iya gama abin da suka fara."

"Don Nibaldo, ka ji ko?"

"Ni zanena nake tunani," in ji Nibaldo. "Zanen jirgin da na ara maka. Na auna shi da ƙofar nan kafin in ba ka, yana wucewa har da sauran wuri. Daga ina yatsa huɗu suka fito?"

Gaspar ya sosa ƙeya da ƙarfen.

"Faɗa masa," in ji Eduvina. "Ka ce lissafi ya kuɓuce."

"Zanenka na mutum ɗaya ne, Don Nibaldo. Ni kuwa benci na biyu na sa."

"Oho! Budurwa!" Ta tafa hannu. "Wace marar sa'a ce? Makauniya ce ko kurma?"

"Duka biyun ta fara. Ga faɗa. Ga ƙugu. Sai da na saci tsohon siket ɗinta na coci na auna, na ga in ban ƙara faɗi ba sai dai a ɗaure ta a baya a ja."

Eduvina ta miƙa wuya. Ta leƙa cikin jirgin. Bencin baya ya fi na gaba faɗi, an yi masa majingina, an kuma kafa wani ɗan zoben katako a gefe, daidai gindin ƙoƙon mate.

Nibaldo ya sunkuyar da kai yana gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Tun da aka binne Evaristo, shekara tara ke nan, ba a sake ganin ƙafar matar nan a bakin tafki ba.

"Siket ɗina mai ruwan toka," ta ce can. "Har na zargi maƙwabciya."

"Yana cikin jakata."

"Ɓarawo. Kuma ƙarya kake, ƙuguna bai kai haka ba."

"Yatsa biyu naki ne. Biyu na bakinki."

Dariya ta ƙwace mata, har mate ya sarƙe ta. Ta tashi tana tari tana zaginsa, ta shige ɗaki. Suka ji ana jan akwati daga ƙarƙashin gado. Ta dawo rungume da wani abu a naɗe, ta jefa masa a ƙirji. Ya warware. Ƙyallen jirgi ne, fari tas, ɗinki biyu-biyu, kusurwoyin an ninka su sau uku.

"Yaushe kika..."

"Tun kafin bikin Ista. Wancan buhun da ka sayo kana kira ƙyalle, ko shanya ba zan yi da shi ba. A gaban mutanen garin Frutillar za ka kunyata ni?"

"Wato kin san zai fita."

"Na san ba zai fita ba. Ɗinki daban, ƙofa daban."

Suka zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Katakon ya fito lafiya, ko tsaga ɗaya bai taɓu ba, Gaspar ya kwantar da shi a kan teburin kicin. Bijimai suka ja, jirgin ya sulale waje kamar dama jira yake. Daga tafki an fara busa ƙaho.

Eduvina ta fito da takalmin coci da mayafin ulu. Ta tsaya a ƙofar da ta zama wawakekiya, ta ƙare mata kallo sama da ƙasa.

"Gobe da yamma zan mayar miki," in ji Gaspar. "Aikin awa ɗaya ne."

"Awa ɗaya? Kai da ka yi shekara biyu a kan akwati?" Ta miƙa masa ƙoƙon mate ya riƙe mata. "Asabar mai zuwa za ka fara. A hankali za ka yi, ƙusa ɗaya-ɗaya. Ba sauri nake ba."