Ɗigo Uku a Sunan Ciyaman

Duk wanda ya ce bai san Alhaji Yelwa mai siminti ba a Tudun Wadar Gombe, to ko dai baƙo ne, ko kuwa hassada ke cinsa. Allah ya yi wa bawan nan baiwa iri-iri. Ya ba shi tumbin da ke riga shi shiga ɗaki, ya ba shi muryar da ba ta buƙatar lasifika, ya kuma ba shi tawali'u, wanda shi da bakinsa yake ba da labarinsa a kowane taro. Shi ne Ciyaman na ƙungiyar masu sana'a ta unguwa. A bangon shagonsa allunan yabo ne a jere. Akwai na Dokta, daga wata jami'ar da har yau ba a samu wanda ya san hanyarta ba. Akwai na Garkuwan 'Yan Siminti. Sai na baya-bayan nan, Jakadan Zaman Lafiya, wanda ya samu bayan ya raba faɗan wasu 'yan acaɓa biyu da dama sun riga sun gaji. A bayan idonsa Na-Sama ake ce masa, don ko a masallaci ya tarar sahun gaba ya cika, wuni yake yi ransa a ɓace.

Wata rana ƙungiya ta yanke shawarar shiga zamani. Za a yi manhajar waya mai ɗauke da sunan kowane mai sana'a da hotonsa da lambarsa, yadda mai neman tela ko mai walda zai ja jerin da yatsa har ya samu wanda yake so. Shawarar ta Madam Juliana mai abinci ce, amma kafin la'asar Ciyaman ya tuna cewa shi ya fara yin wannan tunani tun shekarun baya. Aka ba Najiba aikin, 'yar unguwar Jekadafari da ta karanci kwamfuta, mai ƙarancin magana.

Ranar da ta kawo gwaji, Ciyaman ya gyara zama, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya buɗe manhajar a ƙatuwar wayarsa. Sunan farko da ya yi masa sallama shi ne Abdulhamid mai faci. Ya ja. Bappayo tela. Ya ƙara ja. Ga Juliana, ga Noah mai walda, ga masu wankin mota, ga har mai gyaran fanka. Babban yatsansa ya yi ta shara kamar mai neman allura a cikin yashi. Sai can ƙasa, inda jerin ya ƙare, ya tarar da kansa: Yelwa, siminti. Babu kowa a bayansa.

"'Yata," in ji shi cikin muryar da yake ajiye wa manyan lamura, "a gidanku kai ake takawa da shi, ko ƙafa?"

Najiba ta ce, "Baba Alhaji, bin haruffa jerin yake yi. Naka da Y ya fara."

"To a gaya wa haruffan su san na gaba da su. Ni da na raba faɗa a garin nan, ni za a ajiye a ƙarƙashin mai faci? Ba don kaina nake magana ba, Allah ya sani ban damu da girma ba. Mutuncin kujera nake karewa."

Mutuncin kujera kuwa ya zo da buƙatu. A ɗauko sunansa a kafe shi a sama, yadda duk jan da mutum zai yi, sauran su wuce, shi yana nan daram. A ƙara girman hoton, wanda ya ɗauka da babbar riga yana kallon nesa kamar mai hango makomar jiha. A rubuta sunan da manyan haruffa masu kauri. Sannan a sa shi cikakke: Alhaji Dokta Jakadan Zaman Lafiya Garkuwan 'Yan Siminti Yelwa.

Najiba ta dubi tsawon sunan. Ta ce layi ɗaya kowa yake da shi, kuma abin da bai shiga ba waya yanke shi take yi, ta sa ɗigo uku a madadinsa. Ta roƙi a ba ta lokaci ta gwada a wayoyi daban-daban.

Ciyaman ya yi murmushin tausayi. "Wace waya ce za ta yanke ni? Ranar Asabar za a ƙaddamar, na riga na gayyaci manyan baƙi. Gwada a tawa, ita ce uwar wayoyin unguwar nan."

Ta gwada a tasa, mai faɗi kamar faranti. Sunan ya miƙe har zuwa Garkuwan kafin ɗigon su bayyana. Ciyaman ya ce ɗigon ma sun yi masa, don suna nuna cewa akwai sauran girma da waya ta kasa ɗauka. Najiba ta tattara kayanta ta tafi. Wanda ya ƙi ji dai ba ya ƙi gani ba.

Ranar Asabar aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, Madam Juliana ta kawo shinkafa. Aka ce kowa ya sauke manhajar. To wayoyin Tudun Wada ba irin ta Ciyaman ba ne. Ƙanana ne, na masu neman abinci, wasu ma gilashinsu a tsage. Ƙaton hoton ya cinye rabin layi, manyan haruffa suka cinye saura. Abin da ya fito a saman kowace waya, kusa da fuskar mai hango makomar jiha, shi ne: Alhaji Dokta Jak…

Bahaushe ba ya buƙatar a ƙarasa masa wannan kalma. Bappayo tela ne ya fara gani, sai tari ya sarƙe shi. Noah ya ja jerin da sauri don ya kawar da abin daga idonsa, sunaye suka yi ta gudu, amma na saman yana nan a kafe inda mai shi ya ce a kafe shi. Madam Juliana ta rufe baki da gefen zani, kafaɗunta suna rawa. Ciyaman ya dubi rumfa ya ga fuskoki sun cika da annuri, har wasu na share hawaye. Daɗi ya kama shi, ya karɓi makirufo duk da ba ya buƙatarsa.

"Jama'a, abin da kuka gani a saman nan, ni ne. Ba ni na ba kaina ba, hali ne ya jawo. Tun ina yaro manya suke cewa suna ganin alamarsa a tattare da ni. Shekara da shekaru ina ɗauke da kayan unguwar nan a bayana, ban taɓa cewa na gaji ba. A dake ni, a zage ni, gobe da safe ina kan hanya."

Nan rumfa ta fashe. Wani dattijo daga unguwar Manawashi sai da aka riƙe shi. Ciyaman ya ɗaga hannu yana karɓar ƙaunar jama'a, har Bappayo, wanda suka yi makarantar allo tare, ya ga abin ya isa. Ya matso ya miƙa wa Ciyaman 'yar wayarsa.

Ciyaman ya karanta. Ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Tun da aka san shi, ranar ce ta farko da aka ga bakinsa a buɗe babu magana a ciki.

Kafin magariba Najiba ta gyara. An sauke laƙabobi duka, an bar Yelwa tsurarsa, kuma shi da kansa ya ce a mayar da shi ƙasan, wai dama shugaba na gari daga baya yake tafiya. Sai dai ta yi masa bayani a hankali cewa gyaran ba zai hau wayar mutum ba sai mai wayar ya sabunta manhajar da hannunsa. Ciyaman ya sa aka yi shela. Abin mamaki, duk faɗin Tudun Wada aka rasa mai data. Mutanen da ke wuni suna kallon bidiyo suka rantse cewa ko ta gaisuwa ba su da ita.

Manhaja kuwa ta yi farin jinin da ba a zata ba. Hoton layin nan ya zaga garin Gombe, kuma duk wanda ya zo kallo sai ya ga lambar mai siminti a ƙarƙashin sunan. Ciyaman ya yi rantsuwa a gaban shagonsa cewa duk wanda ya kuskura ya kira shi da wannan suna, sai dai su haɗu a kotu.

Bai gama rufe baki ba wayarsa ta yi ƙara. Wani ɗan kwangila ne, baƙo a garin, zai fara ginin rukunin gidaje, yana neman siminti mota guda. Cikin ladabi ya ce, "Salamu alaikum. Don Allah da Alhaji Jak nake magana?"

Ciyaman ya dubi dama, ya dubi hagu. Ya juya wa titi baya, ya kare bakinsa da hannun riga.

"Shi ne," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Ina za a kai kayan?"