Tiyar Gero da Tiyar Gyaɗa

Har in koma ga Allah ba zan manta da wannan rana a kasuwar Gidan Rumji ba. Akwai maigidana Malam Barmo, akwai ƙawata Tsahara, akwai dogarin da ke tsaron wurin awo, sai Idi mai riƙe da ma'auni, wanda iyayensa suka riga suka kawo goron neman ɗiyata Hadiza. Kakar farko ce bayan samun mulkin kai.

Ban taɓa taka lakol, wato makarantar boko, ba, amma a garinmu Sae Sabuwa kowa ya san kaifin idona. Na ji a bakin 'yan hatsi cewa tiya guda kilo biyu da rabi ce, na ƙulle a raina. Na auna gyaɗata da ɓawonta, tiya ashirin cif. Na lissafa da tsakuwa (sau uku, don ko kaina ban cika yarda da shi ba), ya ba ni kilo hamsin.

Idi ya rataya buhun, ya sunkuyar da kai. "Inna, talatin ne babu biyu."

"Sauran fa? Ƙarfenka ya haɗiye?" Na ɗaga murya yadda har masu jakuna za su ji. "Wanda ya ci gyaɗar uwa, me zai bar wa ɗiya?"

Malam ya ja bakin mayafina, na fizge. Dogari ya matso. In maganata ta zauna, aikin Idi ya tafi, auren ma ya bi bayansa. Shi kuwa kunyar suruka ta hana shi musu.

Tsahara ce ta aro tiyar gero ta ɗora mini a hannun dama, ta ɗora ta gyaɗa a hagu.

"Ƙawa, gero aka ce miki, ba gyaɗa ba."

Dama ta nutse, hagu kamar na ɗauki auduga. Shekara da shekaru ina dakon su a ka, sai ranar na gane tiya yawa take aunawa, kilo kuwa nauyi. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Idi ya dubi dogari. "Gwada ni Inna take yi. Haka ake wa suruki a garinsu."

Aka yi dariya aka watse. Ashe ido mai kaifi ma, in ya ari lissafin wani, mai shi yake fara yanka.

Washegari na dama fura, na ɗauka da kaina har ɗakin uwar Idi, na ce a sa rana. Da ta tambayi gero nawa za su kawo, na ce Idi ya auna.