Jaririna Mai Tuƙa Tirela

Ranar Laraba, rana ƙwal, ba iska.

Ƙungiyarmu ta maƙera ta sayi kwamfuta. Sakatarenmu Lawandi ya zuba sunayenmu da na iyalanmu a ciki, kowa da layinsa. Ya kuma ɗana mata wani abu da ya ce kamar tarko ne: da an shigar da sabon yaro, ita da kanta za ta aika wa 'yan ƙungiya saƙo a waya cewa an yi wa wane haihuwa, a je barka. Na dai ba shi sabuwar lambar wayar ɗana Tanimu ya gyara, na koma maƙera.

Kafin la'asar ƙofar gidana ta cika, wai saƙo ya shiga wayoyi cewa an haifa mini ɗa Tanimu. Mata da ƙwaryar gari, maroƙi yana ta kirari, wanzami ya iso da zabira. Sarkin Maƙera yana tsaye yana shafa ragon da nake kiwo don layya.

Tabawa, matata, ta leƙo da sandarta ta ce, "Malam, ashe na haihu? Ko ka tashe ni in gani."

Wanzami ya ce, "Ina jaririn? In ga kan tun yanzu."

Na ce, "Yana hanyar Legas da tirela. Kuma sanƙo gare shi."

Sarkin Maƙera ya ce shi dai saƙo ya gani, kuma a ƙungiya ba a sanar da haihuwa rago ya kwana lafiya. Da ƙyar na sallame su da goro. Ragon na shigar da shi ɗakina.

Washegari da sassafe na tafi wurin Lawandi.

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Tarkon ne ban bambance masa sabon shiga da gyara ba. Ko layin tsoho aka taɓa, sai ya tashi. Ina canza lambar Tanimu, ta ɗauka yanzu aka haife shi."

"Ka gyara?"

"Yau zan gyara, in Allah ya so. Af, Baba, kai ma shekarar haihuwarka akwai kuskure. Bari in taɓa maka ita yanzu."

Na riƙe masa hannu. Na ce, "Bar ni da kuskurena. Uwata ta rasu tuntuni, in ta sake haifo ni wa zai yi wankan jego?"