Yadda Za Ka Je Ikko a Motar Tumatir Ka Dawo a Jirgin Sama

Ni Muhammadu Sani na Kadawa ban taɓa zama a aji ba, amma na ga fari, na ga ambaliya, ga ni nan daram. Tun da Sada, maƙwabcina a gona, ɗansa ya kai shi Ikko a jirgi, sai aka ba shi wurina a bencin mai shayi, ni aka tura ni kan bulo. Na ƙwato abina. Bi matakan nan, kai ma sai an tashi maka, ko shakka babu.

1. Fita ba a sani ba

Hau tirelar 'yan gwari, masu kai tumatir kudu, can gaba da Kura, inda ba idon sani. Zauna a kan katakon da ke saman kwanduna. Kana sama, iska na kaɗa ka. Rabin jirgi ke nan, ƙaryar ta ragu.

2. Haddace lokaci

Mota kwana biyu take yi, in taya ba ta fashe ba. Jirgi kuwa awa ɗaya da rabi. Amma kada ka ce awa, ba maganarmu ba ce. Ka ce, "Na yi azahar a Kano, na sauka ko la'asar ba a kira ba." In an tambayi nisa, ka ce kamar daga nan zuwa Bunkure sau ɗari. Babu mai zuwa ya auna.

3. Wanke shaida

Ruwan tumatir ya fi ɗan sanda bin mutum. Sabulu, turare, sabuwar riga. Tsohuwar ka bar wa Ikko.

4. Kada tambaya ta kayar da kai

Sada ya tare ni a gaban jama'a: "To Malam, yaya kunnenka ya yi da aka tashi?"

Na ce, "Kunnen sabon shiga ne ke toshewa."

"Me suka ba ku a ciki?"

"Ni ba ci ya kai ni ba, Sada."

Ka ga? Duk abin da ba ka sani ba, raina shi.

5. Tsaraba

A nan ake gane gwani. Namiji ba ya dawowa hannu sake, ni kuwa da motarmu ta tsaya a garin Mokwa a hanyar dawowa, na kasa wuce doyar bakin titi ban saya ba. Na rarraba wa maƙwabta, har gidan Sada. Washegari matarsa Asta ta biyo ta gaban mai shayi, ta rusuna ta ce, "Malam, mun ga doya, Allah ya ƙara arziki. Ashe jirgin yana tsayawa a Mokwa?"

Kada ka yi gumi. Na kurɓi shayi na ce, "Ba ya tsayawa. Direban ɗan gidana ne, ya yi ƙasa-ƙasa, na miƙa hannu ta taga."

Mai shayi sai da ya ajiye buta. Sada ya yi dariya har ya zame daga benci, ni kuwa na matsa na zauna. Har yau a nan nake, don kullum sai wani ya sayo mini shayi in sake ba da labarin.

Gargaɗi

In aka kama ka, ban san ka ba, ba mu taɓa gaisawa ba. In kuma yara suka fara kiran ka Baba Ta-Taga, kada ka zo mini da kuka. Wannan sunan yana da mai shi.