Ƙahon Mista Okeke

Shekara ashirin ina walda a Fagge, don haka da Mista Okeke, mai busa babban ƙahon tagulla na badujala a wani coci a Sabon Gari, ya kawo ƙahon in cire lotsawa ɗaya, na raina aikin. Na ga bututai uku sun zazzago, kowanne da tsawonsa. Na ce sakaci ne, na tura su ciki, na liƙe da dalma. Ya karɓa a gurguje, bai duba ba.

Ashe da su ake saita muryar ƙahon.

Wajen wani ɗaurin aure a cocin ya busa, amarya ta waiga tana neman saniya.

Ya dawo ya ce, "Malam, wa ya aike ka?"

Har yau in tirela ta danna hon, sai maƙwabta su ce, "Injiniya, aikinka na gaishe ka."