Mai Jiran Guguwa Ta Dawo Da Jinka

Hadijatu mai man gyaɗa ce ta fara ba ni labarin nan a kasuwar Gwaram, shekarar da aka daina fam aka koma naira.

Wani ne a can wajen Farin Dutse. Mutane sun fara rufin kwano, shi kuwa ya ce ciyawa ta ishe shi. Ya ɗaure jinkarsa a ƙasa tsaf, saura a taru a ɗaga a ɗora wa ɗaki. Damina ta kawo kai, ɗaki a buɗe.

Ran nan da la'asar ɗan hadari ya taso. Matarsa Kubra ta ce, "Malam, a danne jinkar nan da turmi."

Ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya ce, "Wannan? Ba tsawa, ba walƙiya. Ko akuya ba zai jiƙa ba."

To, shi sama yake kallo, abin kuwa a ƙasa yake haɗuwa. Iska mai sanyi ta biyo gona daga gabas, ta ci karo da mai zafi a bayan gidansa. Suka riƙa juyi da ƙura da kara. Ɗan gajimaren nan da ya raina yana ta tasowa, sai ya ja juyin sama, ya miƙe siriri kamar zare a mazari. Ba wata babbar guguwa ba ce, ko kuka ba ta girgiza ba. Amma ta ɗauki jinka cak, ta tsallake danga, ta kifa ta a kan kangon maƙwabcinsa Hambali, ɗan karkace kaɗan.

Mutumin ya bi ta da gudu, takalmi a hannu.

Hambali ya fito ya duba. Ya ce, "Ikon Allah. Kamar an gwada."

"Jinkata ce."

"Na sani, ai ɗaurin ya nuna. Kira mutane a sauke maka."

"Wadda ta kawo ita za ta mayar. Kai dai faɗa mini yadda ta tashi."

Hambali ya ce, "Iska biyu ne suka haɗu a ƙasa, gajimare ya zuƙe su. A gabana aka yi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Sai ya koma gida ya ɗauko faifai biyu. Ya tsai da Kubra gabas da kangon, shi ya tsaya yamma. Ya ce, "Ke ce mai sanyin. Yi fifita."

Suka yi ta fifita. Kaji suka watse. Kubra ta ce, "Malam, hannuna ya mutu."

"Kina sanyi da yawa ne. Ga shi har ganye ya motsa."

"Tusar jakin Hambali ce."

Da magariba ruwa ya sauko, irin na kullum, ba ko iska. Hambali ya shigar da awakinsa ƙarƙashin jinkar. Su kuwa suka kwana a ɗaki suna kallon sama, ƙwarya a ka.

Da Hadijatu ta kai nan, ni dai tausayin Kubra ya hana ni dariya sosai. Washegari na ɗauki ɗan zane busasshe na bi motar kasuwa na je. Na tarar da ita tana atishawa tana fifita, shi yana harare-hararen gajimare.

Na ce, "Bawan Allah, ka ji tsoron Allah. Ga ƙarti nan zaune a gindin tsamiya. Ka yi gayya, kafin hantsi sun ɗora maka."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Inna, 'yan gayya sai an dama musu kunu. Kin taɓa ganin guguwa ta nemi ludayi?"