Ranar da Na Kai Kaina Ƙara a Shingen Sa'alaba

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, wadda a cikinta na tona wa kaina asiri a gaban hukuma alhali babu wanda ya tuhume ni da komai.

Ni ma'ajin takardu ne a wani kamfanin jigilar kaya a Jidda, kuma ban taɓa makara aiki ba sai da cunkoson hanyar Nuzla ya makarar da ni sau biyu a mako guda. Abin ya ƙona mini rai. Na kai kukana wurin Malam Isufu, wani mai haɗa wayar mota ɗan Damagaram, ya ce maganin a hannunsa yake. Ya saka mini rediyon oba-oba irin wanda direbobin tankar ruwa suke magana da juna da shi, ya ƙara da wata tsohuwar na'ura da ya ce tana kamo maganar 'yan sanda, don in riƙa jin inda aka tare hanya in kauce. Ya haɗa su a lasifika ɗaya, ya jona su da makullin mota.

Na ce, "Malam Isufu, wannan abu yana da izini kuwa?"

Ya ce, "Malam Akawu, kai dai komai sai da hatimi. Saurare ne kawai. Kunne ma sai an yi masa takardar iƙama?"

(A nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba.)

Kullum da safe na'urar tana zubo Larabci mai sauri wanda rabinsa nake kamawa: unguwa kaza, mota uku, yalla. Ni kuwa ba na iya jin bayani ya wuce ban adana shi ba. Na sayi littafi, na ja layuka, duk inda danja ta tsayar da ni in rubuta rana da lokaci da unguwa da adadin motoci. A bangonsa na rubuta da Larabci, da rubutu mai kyau: Zirga-zirgar 'Yan Sanda.

Ranar Talatar, bayan la'asar, na faɗa shingen bincike a Sa'alaba. Motoci shida ne a gabana lokacin da hankalina ya dawo jikina: ga baƙo mai zama da takardar kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, ga na'urar sauraren hukuma, ga littafi mai jadawali. Na hango gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Na hango 'ya'yana an cire su daga makaranta a tsakiyar shekara. Na nemi kashe na'urar, ba ta mutuwa sai an kashe mota, layi kuma yana tafiya. Na fizgo abin maganar oba-oba na cusa ƙarƙashin cinyata. Nan take lasifika ta yi tsit, na ɗauka Allah ne ya rufa asiri.

Wani askari, ɗan sandan shingen, ya leƙo ya ce, "Iƙama."

Kalma ɗaya ke nan: takardar izinin zamana a ƙasar yake son gani. Ni kuwa na buɗe baki da Larabcin makaranta, na shaida masa cewa ni mutum ne mai bin doka, ban taɓa leƙen asirin kowa ba, Isufu ne ya yaudare ni, ina da iyali da hawan jini. Inda harshe ya ƙare mini na koma Hausa ina kiran sunan mahaifiyata. Sannan na miƙa masa littafin da hannu biyu, domin a ganina ɓoye hujja laifi ne na biyu.

Ya duba bangon, fuskarsa ta canza. Ya ce in fito.

Ina ɗaga cinya, maɓallin da na danne tun ɗazu ya saki, lasifika ta cika da dariyar maza. Ashe duk roƙona ya tafi kai tsaye ga direbobin tankar da ke kan hanya. Muryar Alhaji Sale, dattijon da muke sallah a sahu ɗaya, ta fito sarai: "Malam Akawu, ka yi haƙuri haka nan, mun ji batun hawan jinin. Wallahi Isufu ma yana ji."

Askarin ya buɗe shafuka, ya saurari tsohuwar na'urar na ɗan lokaci, sai ya kira abokin aikinsa ya nuna masa. Ya ce tasu maganar ba ta kamuwa da irin wannan tarkace. Abin da na shafe wata biyu ina adanawa, mai rabon aikin tankokin ruwa ne yake tura motoci gidajen da famfonsu ya ƙafe. Ya duba iƙamata, ya ce oba-oba ba ta hawa mota sai da izini, in cire su duka kafin magariba. "Halas, tafi. Amma rubutunka yana da kyau, ya ustaz."

Na cire su a gaban Isufu, wanda ya ƙi haɗa ido da ni, ba don kunya ba, don kada ya fashe da dariya.

Darasin da na ɗauka shi ne, idan hukuma ta yi maka tambaya ɗaya, ka ba ta amsa ɗaya. In kuma dole sai ka yi kuka, ka fara duba abin da kake zaune a kai.